Gaskiyar Yatsan Kawunki Sanda

Bodinga, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda aka tura ki. Amin.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kuke gida ɗaya, ga kuma waya a aljihun kowa. To, ni dai ban iya doguwar magana a gabanki ba. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma da kin ɗaga gira irin nata sai in manta abin da na zo faɗa. Ban da haka, in na fara labarin nan da baki, innarki za ta karɓe shi daga tsakiya ta ƙarasa yadda take so.

Tun ranar da kika shigo da takardar da ta ce an ba ki aiki a ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Gwadabawa, bakina bai rufu ba. Na zagaya kasuwa da labarin har sai da mai shayi ya ce in na sake faɗa masa zai ƙara mini kuɗin shayi. Ɗiyar mai gyaran inji ta zama ma'aikaciyar lafiya! Alhamdu lillahi. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A ƙauyen nan, ke ce za ki zama mai karanta wa mutane Turanci. Kwalbar magani, takardar da aka ba su a asibitin birni, saƙon da ya shigo waya, duk gare ki za a kawo, kuma abin da kika ce shi ke nan, babu mai musu. Na taɓa zama wannan mutumin a garinmu Mandera, kuma ban riƙe amanar da kyau ba.

Kin san ɗan ƙaramin yatsan Kawunki Sanda na hagu, wanda kansa ya guntule. Tun kuna ƙanana yake ce muku tarwaɗa ce ta cije shi a fadama. Rufa mini asiri yake yi. Ni ne tarwaɗar.

A kakar shekarar da na fara neman innarki, manoman garinmu suka haɗa kai suka samo injin sussuka. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ranar da aka sauke shi a masussuka har daga ƙauyukan kusa an zo kallo. Mutumin da ya kawo shi ya nuna yadda ake tayarwa da yadda ake zuba kan dawa a baki, ya ce yana da wani gari da zai kai kafin magariba, ya hau mota ya tafi. Da aka zo maganar wanda zai riƙe injin, ba a ko yi shawara ba aka nuna ni. Na gama firamare, ni nake karanta wa mata wasiƙun mazansu 'yan cirani, har ana ce mini Umaru Bature. Sunan kuwa yana mini daɗi ƙwarai.

A jikin murfin injin akwai jan rubutu layi biyu, da hoton hannu a gefe. Sarkin Noma ya nuna shi da sandarsa ya ce, "Umaru, mi anka rubuta nan?"

Na sunkuya na duba. Yawancin kalmomin sun fi ƙarfina. Na tsinci ɗaya ko biyu, na gane ana maganar abin da za a yi in inji ya shaƙe. Sai idona ya faɗa kan wata gajera mai harafi huɗu: halt. Na ce a raina, ai wannan tsohuwar abokiyata ce, a ajin lissafi muka san juna, half, wato rabi. Ummi, ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta ɗan yi ɗar. Na ga kamar wutsiyar kalmar ba haka take ba. Amma ga maza sun fi ashirin sun zuba mini ido, ga Sanda, yayan yarinyar da nake so, tsaye dab da kafaɗata. Na miƙe na gyara hula na ce, "Cewa anka yi, in ya shaƙe, a rage gudunsa zuwa rabi, sannan a sa hannu a cire abin da ya toshe."

Aka ce, "Madalla da ɗan boko!" Kowa ya ji daɗin fassarar, don tayar da injin nan da hannu aiki ne mai fitar da gumi, babu mai son a kashe shi a sake.

Mako uku muna haka, Allah Yana kiyayewa. Ranar da aka zo kan dawar gidan kakanki, mahaifin innarki, da hantsi, damin ya ɗan sha raɓa, inji ya shaƙe. Na rage totur, gudun injin ya koma rabi kamar kullum. Sanda ya ce in bari shi ya cire, tunda dawarsu ce. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu. Ƙarar da ya yi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na kashe injin, amma gangar ciki ta ci gaba da juyawa a hankali kamar ba ruwanta. Muka ɗaure hannun da rawanin wani, na goya shi a babur ɗin aro zuwa asibiti a Shagari. Aka ɗinke, aka ce mu gode Allah, gaɓa ɗaya kawai ta tafi, da ya ƙara tura hannun kaɗan da wani labarin ake yi.

To, ga nasihata ta farko, kuma da jinin kawunki aka rubuta ta. Duk ranar da kika duba rubutu kika ji zuciyarki ta yi ɗar, ki tsaya. Ki ce, "Ku dakata in tambaya." Ko layi ya kai bakin ƙofa, ko uwar miji tana harararki, ko ana cewa ashe 'yar makarantar ba ta iya ba. Kunyar minti biyar ce. Ku yanzu ma kuna da sauƙi, ga waya, ga na gaba da ke da za ki kira. Mu a lokacin sai an jira ranar kasuwa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi da sanina na yi shi. Bayan abin ya faru, wasu suka ce tsautsayi ne, wasu suka ce Sanda ya cika gaggawa, wata tsohuwa ta ce ƙarfen Nasara ba ya rasa iska. Babu wanda ya ambaci fassarata. Ni kuma na yi gum. Ina zuwa gaida Sanda da fura, ina cewa Allah Ya kiyaye gaba, alhali kalmar nan tana cina kamar ƙaya a tafin ƙafa. Kwana tara na yi a haka. Abin da ya fi, aiki bai tsaya ba. Ni da abokin aikina Mamman muka ci gaba da rage totur, sai dai yanzu da ɗan sanda muke zaƙulo toshiyar, wani lokaci kuma in sandan ya ɓace a koma ga hannu.

Da ranar kasuwar Bodinga ta zo, aka aike ni sayen sabon bel, don na injin ya fara tsagewa. Kafin in tafi na kwafi kalmar a bayan kwalin sukari na sa a aljihu. A lokacin akwai wani tsohon soja mai sayar da goro kusa da 'yan albasa, Saje Garba, Allah Ya jiƙansa. Dogo ne, siriri, gashin bakinsa kamar ƙahon rago. An ce ya zauna da Turawa. Na gaishe shi, na sayi goro biyu don in sami bakin magana, sannan na miƙa masa kwalin kamar abin bai dame ni ba.

Ya nisanta shi da idonsa, ya matso da shi, sai na ga fuskarsa ta washe kamar ya ga tsohon aboki.

Ya ce, "Yaro, wagga ai ba a hwaɗinta zaune. Tashi!"

Na ce, "Baba Saje, ma'anarta kawai nike so."

"Ita zan ba ka. Miƙe! Ƙirji waje! Hannu ya bi ɗinkin wando!"

Kafin in ankara ya sa ni fareti a tsakanin buhunan albasa. Yana biye da ni yana ba da murya, "Hagu, dama, hagu, dama," 'yan kasuwa suna barin ciniki suna taruwa. Muna kaiwa wajen masu fura sai ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Holt!" Don haka ake faɗinta, ko da yake da harafin "a" ake rubutawa. Jakin da ke ɗaure a gefe sai da ya zabura.

Ni kuwa na rage tafiya. Na ci gaba da ɗaga ƙafa a hankali, a hankali, kamar hawainiya.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Saje ya sha gabana ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, mi kake yi haka?"

Na ce, "Na rage rabi, Baba Saje."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "Wa ya koya maka haka? Holt tsayawa ce cak! Ba rage tahiya ba, ba jan ƙahwa ba. Ƙahwa ta bugi ƙasa ta zauna. In mota ce, taya ta bar juyawa. In inji ne, sai ka ga ƙuda ya sauka kansa ya yi zamansa." Ya tsuguna ya zana kalmomin biyu a ƙasa da tsinke, ɗaya a kan ɗaya. Ya nuna mini harafin ƙarshen kowacce. Ya ce wannan mai lanƙwasar kai kamar sandar makiyayi, ita ce ta rabi. Wannan mai tsayuwa sak da ɗan gicci, ita ce ta tsayawa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Mutane suna ta dariya har yanzu, amma ni ban ji su ba. Saje ya dubi fuskata ya daina murmushi. Ya ja ni cikin rumfa ya ce, "Ina ka samo ta?" Na gaya masa komai, har da yatsan Sanda. Bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Injin shina aiki yau?"

Na ce, "Awo, Mamman na can da shi."

Ya ce, "To mi kake jira nan? Tahi!"

Ban sayi bel ɗin ba. Na faɗa motar farko mai zuwa Shagari, daga can na ari keken wani tela da na sani, na taka kamar ana kora ta. Tun daga nesa nake jin kukan injin, sai kuma na ji ya canza murya, irin yadda yake yi in an rage totur. Na yar da keken a cikin kara na sheƙa da gudu ina ihu, "Mamman, kashe! Kashe shi! Kada ka taɓa!" Na iske shi ya naɗe hannun riga yana waige-waigen neman sandan. Ya kashe. Muka tsaya muna kallon gangar har ta yi shiru gaba ɗaya. A nan, ina haki, a gaban duk wanda ke masussukar, na ce fassarar da na yi ba daidai ba ce, ban san kalmar ba na ce na sani, kuma hannun Sanda a wuyana yake.

Da yamma na tafi gidan kakanki. Na tabbata a raina maganar aure ta mutu. Na iske tsohon a zaure kan buzunsa, Sanda a gefe yana shan fura da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe. Na durƙusa na maimaita abin da na faɗa a masussuka. Kakanki ya ƙarasa jan carbinsa. Can ya ce, "Umaru, malamai sun ce faɗin 'ban sani ba' rabin ilimi ne. Ga rabi mai albarka a kusa da kai, ka tsallake shi ka je ka ɗauko rabin da ya ci yatsan ɗana."

Na sunkuyar da kai. Sai na ji Sanda ya ƙware da fura. Dariya yake, har da hawaye. Labarin faretin kasuwa ya riga ni isowa, wani mai albasa ya kawo shi. Sanda ya ce, "Baba, a bar shi ya nuna muna yadda ya yi tahiyar!" Tsohon ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Daga ƙarshe ya ce wanda ya iya tsayawa gaban jama'a ya tona kansa, za a iya ba shi amanar ɗiya. Sanda kuma ya yanke mini hukuncin ɗaure masa dami kaka biyu, na kuwa ɗaure uku. Da zan fita, na ji muryar innarki daga bayan zana tana cewa, "Bature, a sauka lafiya. Hagu, dama." Daga ranar sunan Bature ya faɗi. In kin taɓa jin tsofaffin Mandera suna ce mini Umaru Holt, to ga asalinsa.

Ummi, za ki yi kuskure a aikinki, babu makawa, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin da nake roƙonki, kada ki bar kuskure ya kwana tara kamar nawa. Ki faɗe shi tun yana da zafi, ga wanda ya kamata ya ji. Ni Allah Ya rufa mini asiri na iske Mamman da hannunsa biyu. Ba kullum ake isa da wuri haka ba.

Washegarin zuwana gidan kakanki, na je Shagari na ɗauko wani malamin makaranta, ya karanta mana duk rubutun jikin injin layi-layi. Na samo fenti na rubuta a murfin, da boko da ajami: A kashe, a jira ya tsaya cak. Ke ma in kin gaya wa mutum yadda zai sha magani, kada ki tsaya kan "ka gane?" Kowa zai ce ya gane. Ki ce ya maimaita miki da bakinsa.

Za ki zaci daga nan na yi hankali. Ina! Tunda na sha wuya kafin in mallaki kalmar, sai na ɗauke ta kamar sabuwar riga, ko'ina da ita nake zuwa. Na ce wa awaki holt, na ce wa masu keke holt. Har muka dawo Bodinga na buɗe rumfar gyaran inji ban bar halin ba.

Ranar da za a haife ki, tun safe aka shiga da innarki ɗakin haihuwa, har azahar ta wuce babu labari. Ina ta kai da kawo a barandar asibiti. Sai ga wata nas, babbar mace mai furfura, 'yar ƙasar Zuru, ta fito da sauri riƙe da faranti na ƙarfe. Na ce, "Baiwar Allah," ba ta ji ba. Na sake, ba ta waiwayo ba. Kawai sai na ji bakina ya ce, "Holt!" da irin muryar Saje Garba.

Ta tsaya cak, har kayan farantin suka yi ƙara. Duk barandar aka waiwayo. Ta juyo a hankali ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "Malam, a wace bataliya kake?"

Na fara ba ta haƙuri. Ta matso ta rage murya ta ce, "Wannan kalma ta filin fareti ce, da jikin inji, da bakin mai labarai. Ba a jefa wa mutum ita sai in kai ne kwamandansa. In kana son mutum ya saurare ka, roƙonsa ake yi ya ɗan dakata, ko da Turanci ko da Hausa." Sannan ta ce, "Amma na san tsoro ne ya yi magana, ba kai ba. Matarka tana nan lafiya, jaruma ce. Zauna ka yi ta addu'a."

Ba a jima sosai ba ta sake fitowa, wannan karon da ke a naɗe cikin zane. Ta zo gabana ta buga ƙafa a ƙasa kamar soja ta ce, "Ranka ya daɗe kwamanda, mace ce!" Barandar ta kaure da dariya da barka. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba a kan zanenki.

Abu biyu na koya a wurin matar nan. Sanin ma'anar kalma daban, sanin inda ake ajiye ta daban, kuma wannan ba a Turanci kaɗai ba ne. Na biyun shi ya fi shafarki. Mutane za su zo miki a firgice, ɗansu yana zafi, matarsu tana naƙuda, su yi miki tsawa, su faɗi abin da bai dace ba. Kada ki riƙe su da shi. Ki gyara musu in da hali, amma ki fara ba su labarin da suka zo nema. Ban san sunan matar nan ba har yau, amma ba na mantawa da ita a addu'a. Ina so wata rana wani uba a can ƙauyen ya riƙa tuna ki haka.

Sauran abubuwan kin san su, ba sai na cika ki da surutu ba. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida maigari da limami ranar da kika sauka, ki nemi tsohuwar unguwarzomar garin ki durƙusa mata, ta riga ki sanin matan nan da shekaru. Ki ci abinci, don na san halinki in aiki ya yi yawa. Innarki tana nan kaina tana cewa in rubuta cewa yajin da ke cikin baƙar leda na miya ne, na cikin farar kuma na kunu, kada ki haɗa su. Na rubuta.

In Allah Ya kai mu bayan an gama dashen albasa, zan zo in ga wurin. Kada ki fito tarona, kada ki gaya wa kowa ni wane ne. Zan karɓi kati in zauna a benci cikin layi kamar kowa, in jira a kira ni. Ina so in ga yadda kike yi da mutane in ba ki san ina kallo ba. In layi ya zo kaina, zan miƙa miki hannu ki auna jinina, in ce, "Malama, mi kika gani?" Duk abin da kika ce in bari, ko gishiri ne ko goro, zan bari. Ki lura dai, in kin ga ya hau a ranar, ba ciwo ba ne, murna ce.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya sa waraka a hannunki, gaskiya a harshenki, tausayi a zuciyarki. Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Ni da innarki mun yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru mai gyaran inji.